Haɓar Sidi

Ranar farko ta zaman makokin Sidi na ƙirga tsofaffi goma sha ɗaya marasa gemu a kujerun da aka jera a ƙofar gidanmu, nan unguwar Utaibiyya ta Makka. Na san bai dace yarinya ta laɓe bayan labulen taga tana ƙirga haɓar baƙi ranar da aka binne kakanta ba. To kuka ya riga ya gajiyar da ni, kuma a unguwarmu tsoho marar gemu abin kallo ne. Guda ɗaya muka sani, shi ne kuma aka yi wa salla a Harami bayan Azahar aka wuce da shi maƙabarta.

Sidi muke ce masa, kamar yadda 'yan Makka ke kiran kakansu namiji. Matarsa kuma Sitti. Shi ya hana mu manta Hausa. In ka yi masa Larabci a cikin gida sai kunnensa ya mutu nan take, in kuwa ka ce "abinci ya sauka", ko daga can unguwar Zahir ka faɗa zai ji. Shi ya sa nake rubuta wannan da Hausa.

Baƙin nan, kowannensu kafin ya zauna sai ya ɗaga kai ya dubi saman benenmu, inda wani tsohon jan ƙyalle yake ɗaure a jikin sanda. Sai ya ga inda iska take kaɗa shi, sannan ya zaɓi kujera. Baba bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Daga Sharƙiyya suka zo, can gabas inda rijiyoyin mai suke, wasu Larabawa, wasu 'yan Indiya, biyu Hausawa irinmu. Ɗaya ya riƙe hannun Baba ya daɗe bai saki ba.

"Mahaifinka ne ya koya mini gudu," in ji shi.

Baba ya rasa ko godiya zai yi ko haƙuri zai bayar.

A ɓangaren mata kuwa, maƙwabciyarmu ta fi mu kuka. Gahawar da na miƙa mata ta huce a hannunta, tana ta maimaita magana ɗaya: "Shekara guda ban amsa gaisuwarsa ba. Allah ya yafe mini." Sitti ba ta yi kuka ba. Duk wadda ta shigo ta yi mata gaisuwa sai ta amsa, ta juyo gare ni ta ce, "Yaron ya iso?"

Yaron shi ne Yaya, babban wana. Watansa bakwai yana aiki a wajen haƙar gas a Sharƙiyya, watansa bakwai kuma ba ya magana da Sidi. A kan gemu suka ɓata. Kullum yana shiga tsakanin rijiyoyi da gemun da Sidi ya rantse zai kashe shi, ga shi wanda ke yi masa faɗa a kai ya tafi.

Aikin Sidi, fiye da shekara talatin, shi ne koya wa ma'aikatan mai yadda za su tsira daga wata iska mai guba da suke kira H2S. Ba ta da launi. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka rami da kwari take bi ta kwanta. In kaɗan ce, warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi. In ta yi yawa sai ta kashe hanci, mutum ya daina jin warin, ya ɗauka ta wuce, alhali lokacin ne ta cika wurin. Duk wannan na haddace shi kafin in haddace ƙananan surori, domin da Sidi ya yi ritaya ya rasa ɗalibai, sai ya mai da mu ma'aikatan mai. Jan ƙyallen saman bene shi ya ɗaura. Ka dawo makaranta da yunwa, ka yi sallama, ya amsa, kafin ka cire takalmi ya ce, "Iska daga ina?" In ba ka sani ba ka koma waje ka duba. Ni ya fi takura wa.

"Amarya, in ƙararrawa ta kaɗa ina za ki?"

"Wajen tukunyar Sitti, ango."

"Kin mutu. Sake."

"Zan yanke iska a gicciye, sannan in nufi inda take fitowa, in hau tudu, in tsaya a ƙirga ni."

"Yanzu na yarda ban yi asarar sadaki ba."

Ina shekara goma sha biyu na yi shawarar in gwada malamin. Na saci ƙwai na ɓoye a saman bene mako biyu, cikin ranar Makka wadda ke gasa mutum da ransa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na fasa shi a ƙarƙashin matashin da yake jingina. Wallahi kuliyoyin layinmu sai da suka yi ƙaura. Ina jin har tattabarun Harami sun sauya hanya ran nan. Umma ta fito daga kicin ta toshe hanci, Baba yana tari, Sidi kuwa yana zaune a kan abin yana karanta jarida hankali kwance. Sai Sitti ta ce, "Wai warin ruɓaɓɓen ƙwan nan daga ina?"

Ban taɓa ganin tsoho ya miƙe da sauri haka ba. Bai tambayi kowa komai ba. Ya fizgi hannuna, ya tura Sitti gaba, ya daka wa Baba tsawa kamar ƙaramin yaro, ya fitar da mu titi ba takalmi. Ya jera mu ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa. Ya riƙe kafaɗata gam bai saki ba. A nan dariyar ta maƙale mini, na faɗi gaskiya.

Na shirya wa duka. Bai dake ni ba. Da la'asar ya kira ni saman bene ya ce, "Ke kaɗai ce a gidan nan ba ki san ba na jin wari ba. Turaren Sitti da kwatar layi duk ɗaya ne a wurina." Sai ya ba ni labarin. Yana saurayi, sabon shiga aiki, abokinsa ya sauka wani rami zai ƙulle famfo, ya yanke jiki ya faɗi. Na biyu ya kira sunansa sau ɗaya ya bi shi. Na uku ya bi na biyu. Sidi ne na huɗu. A bakin ramin ya faɗi, shi ya sa aka iya jan ƙafarsa. Ya farka a asibiti, hancinsa bai farka ba.

"Ba wawaye ba ne," in ji shi. "Mutanen kirki ne. Iskar nan na farko kawai take kamawa da kanta. Sauran kirkinsu ke kai mata su. An tashe mu a kan in ɗan'uwa ya faɗi ka ruga gare shi. Ni kuma aikina in koya wa mutum ya juya wa ɗan'uwansa baya, ya yi ihu, ya ɗauko tukunyar iska ya goya, ya rufe fuska, sannan ya dawo. Ka gudu don ka dawo. Babu darasin da ya kai wannan ɗaci, amarya."

Bayan shekara ɗaya na ga darasin da idona. Bayarar maƙwabtanmu ta toshe, wato ramin da ruwan bayan gida ke taruwa, mai gidan ya ce ba sai an kira mota ba, ya sa tsani ya sauka. Bai fito ba. Ɗansa ya taho da gudu zai bi shi, Sidi ya rungume shi ta ƙugu suka faɗi tare. Yaron yana dukansa yana ihu, "Babana ne! Sake ni, babana ne!" Tsoho mai shekara saba'in da wani abu ya kwanta a kansa ya ƙi tashi, yana ce wa mutane su ja da baya su kira 'yan kwana-kwana. Sun zo da tukwanen iska, sun fito da mai gidan, amma rai ya riga ya yi halinsa. Daga ranar matar marigayin ta yi shekara guda ba ta amsa gaisuwar Sidi. Shi kuma bai fasa gaishe ta ba ko sau ɗaya. Yaron nan yanzu ya yi aure, ɗansa na fari sunan Sidi gare shi.

Tun daga lokacin, duk shekara in aikin Hajji ya gabato, samarin unguwa masu zuwa Arfa aikin shara da wankin bayan gida sai iyayensu sun turo su saman benenmu. Sidi ya zaunar da su a tabarma, ya fito da tsohon takunkumin numfashinsa, baƙin roba mai gilashi da dogon tiyo, ya yi ta nuna musu. Ni ce mai kawo shayi, ni ce kuma gawa. In kwanta in zaro harshe, a ga wanda zai ruga ya ɗauke ni. Duk wanda ya rugo, Sidi ya ce, "Gawa biyu. Na gaba."

Zancen gemu kuwa ya girme ni. Takunkumin nan ba ya aiki sai robar ta manne da fata ko'ina. Gashi ko kaɗan ne, iska za ta bi ta tsakaninsa ta shiga. Shi ya sa Sidi yake aske haɓarsa kowace safiya, a garin da wanzamai ke aske kan mutum dubu a wuni amma ba mai taɓa haɓa. Ƙaninsa, wanda duk muke kira Malam saboda yana karantarwa a masallacin unguwa, ya yi shekara arba'in yana faɗa da shi a kai.

"Yayana, da kana aiki na yi maka uzuri. Yanzu wace rijiya ta rage maka? Tulun Sitti?"

"Ɗalibai sun rage mini. Ba zan ce wa yaro ya aske abin da na tara ba."

"Ka ji kunya mana. Tsoho da haɓa kamar tafin hannu."

"Sha shayinka, Malam, gemunka yana shan rabi."

Haka suke yi, su rabu da dariya. Da Yaya ne abin bai zo da dariya ba.

Yaya ya tara gemu tun yana shekara goma sha tara, kuma ba don ado ba. Mutum ne mai riƙo da addini da gaske. Ni dai na sha cewa akwai tsuntsaye biyu da ke haya a ciki, amma ko ni na san yana masa kyau. Da ya sami aiki da wani ƙaramin ɗan kwangila a wajen gas, gida ya cika da murna, Sidi kuwa ya ce a hau sama. Ya sa masa takunkumin, ya ja maɗauran, ya toshe bakin tiyon da tafin hannunsa.

"Ja numfashi, abokina."

In fuska a aske take, robar sai ta lotsa ta kama fuskar ta tsaya. Ta Yaya ba ta lotsa ba. Muna jin iska tana shiga ta gefen haɓarsa, siii, kamar tayar keke ta sace.

"Ka ji ta?" in ji Sidi. "Ta nan za ta shigo."

Yaya ya cire takunkumin yana murmushi. "Sidi, zamani ya wuce nan. Abokaina da ke can sun ce basilin ake cika gemun da shi, robar ta zauna daram. Mai kula da mu ma ba ya dubawa."

Na zaci Sidi zai yi tsawa. Sai ya yi ƙasa da murya, abin da ya fi tsawar ban tsoro.

"Ban ce gemu ba sunna ba ne. Ban taɓa faɗa ba. Ka riƙe gemunka ka nemi aiki a ofis, in sa maka albarka. Ko ka riƙe rijiya ka aske, in sa maka albarka. Amma gemu da rijiya da basilin, wannan ba tawakkali ba ne. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Ran da ka faɗi, wani mai kirki zai biyo ka."

"Sidi," in ji Yaya, "shekara hamsin kana tsoron iska. Ni Allah nake tsoro."

Sidi ya naɗe tiyon a hankali, ya mai da takunkumin cikin jakarsa, ya sauka. Bai ci abincin rana ba.

A nan ne nawa laifin ya shigo. Ranar da Yaya zai tafi, Sidi ya ba ni sabuwar reza a cikin kwalinta ya ce in sa masa a jaka, kada in ce komai. Kada in ce komai! Ni! Na ɗauko takarda na rubuta, "Sanarwa ga tsuntsayen da ke haya: ku tashi, za a rushe unguwa," na liƙa a jiki. A lokacin ana ta rushe unguwanni saboda faɗaɗa Harami, na ga abin ya yi daidai. Yaya ya gani kafin ya fita. Ya ɗauka da sanin Sidi aka yi, tsoho ya haɗa kai da yarinya suna yi wa addininsa ba'a. Ya ajiye rezar a kan matashin Sidi ya fice. Na faɗa masa gaskiya a waya daga baya, ya ce ya ji. Amma bai kira Sidi ba. Sidi kuwa da na ba shi haƙuri cewa ya yi, "Rubutunki ya yi kyau, hankalinki ne bai iso ba." Ya ba ni rezar ya ce in adana.

Ciwon bai daɗe ba. Kwana tara a asibiti. A rana ta shida farin gashi ya fito masa a haɓa, karo na farko a rayuwata da na gan shi haka. Malam ya zo dubiya ya ce, "Alhamdu lillahi, da ƙarfin hali dai ka shiryu." Sidi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da Malam ya fita ya kira Baba ya ce a kawo ruwan ɗumi a aske shi.

"Baba, ka huta mana," in ji Baba. "Wa zai gani?"

"Yaron bai dawo ba tukuna."

Ranar ƙarshe da na gan shi, da hantsi, ya buɗe ido ya dubi taga. Tagar asibiti ba ta buɗuwa.

"Amarya, iska daga ina?"

Ban sani ba. Karo na farko ban ƙirƙiro amsa ba. Na ce zan je in duba. Ya ce, "Yawwa."

Yaya bai iso ba sai rana ta uku ta makoki da safe, domin inda suke waya ba ta cika shiga ba, hanya kuma da nisa. Ya shigo da gemunsa, idanunsa jawur, ya durƙusa gaban Sitti. Hutun kwana biyu aka ba shi. Jibi zai koma rijiya.

Tsofaffin Sharƙiyya ba su tafi ba. Na koma tagata. Na ga yadda suka gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dubi gemun ya kawar da ido. Wanda ya yi magana shi ne wanda ban zata ba. Malam ya jawo shi kusa, daidai ƙarƙashin tagar.

"Ni na wanke yayana," in ji shi. "Da na zo kan haɓar nan na tsaya. Shekara arba'in ina faɗa da ita. Ka ga mutanen can? Da ƙafafunsu suka zo, kowa da jikoki. Ni ban canza magana a kan gemu ba, ɗana, ga nawa nan. Amma ni ba na shiga rijiya. Hanya biyu ya ba ka, ni ma biyun na sani. Basilin kuwa na duba, ban same shi a kowane littafi ba."

Yaya ya tashi ya shiga gida. Bayan Azahar ya leƙo ɗakinmu ya ce, "Ke, uwar 'yan rubutu. Zo."

Muka hau sama. Ya ɗauko jakar Sidi, ya sa takunkumin da kansa, ya ja maɗauran har suka shiga fata, ya miƙo mini bakin tiyon. Na toshe da tafin hannu. Ya ja numfashi. Siii. Ya ƙara matsewa, ya sake ja. Siii. Ya cire, ya zauna a kan tabarmar ɗalibai, ya daɗe yana kallon jan ƙyallen nan da rana ta cinye.

"Akwai wani yaro da muke aiki tare," in ji shi. "Ɗan garin Jizan. Kullum shi ke ajiye mini abinci. In na faɗi, wallahi ko sakan ɗaya ba zai tsaya ba."

Na yi shiru. Ku rubuta wannan, domin ba ya faruwa sau biyu.

"Rezar tana nan?"

"Tana nan."

"Da takardar?"

"Na yaga."

"Da kin bar ta. Ta ba ni dariya, fushi ne ya hana ni yi."

Ni na riƙe masa madubi. Ya yi bisimilla, ya fara da almakashi, hawaye na bin gashin da ke zuba. Ban tsokane shi ba. Da ya gama ya wanke fuska ya sake sa takunkumin, na toshe tiyon, ya ja numfashi. Robar ta lotsa ta kama fuskarsa ta tsaya. Babu siii. Muka tsaya haka muna sauraren shirun.

Da muka sauko, falo cike yake da mata masu gaisuwa. Shekara shida ba wanda ya ga haɓar Yaya. Ashe akwai ɗan rami a tsakiyarta, irin wanda muka saba gani kowace safiya a bayan jarida. Sitti ta ɗago kai. Ta ajiye carbinta, ta miƙa hannu ta kama haɓar tana juya ta dama da hagu.

"Haka na fara ganinsa," in ji ta.

Sannan ta yi kukan da ta riƙe kwana uku.

Yaya ya koma aiki da rezar a aljihun gaba na jakarsa. Ya ce duk ranar da ya bar rijiya zai mai da gemunsa, Malam ya ce Allah ya nuna masa. Ni kuma na sami sabon jan ƙyalle na ɗaura a sandar, domin na yi alkawarin zan duba.

Allah ka jiƙan Sidi, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da abokansa uku da ya daɗe yana kewa. Ka mai da masa hancinsa, ya Rabbi, ƙamshin Aljanna ya zama farkon abin da zai shaƙa.

Yau daga yamma take, ango. Daga wajen Jidda.